GANI ZAI KORI JI?
Wayar salula da gyaran muryar kayan kiɗa

A garuruwan Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa da Agadas, an saba ganin wani abu yanzu wurin ƴan orkes kafin su fara wasa. Mai gita yakan fiddo wayarsa ta salula, ya aza ta bisa gwiwa, ya taɓa tsirkiya guda, sa'an nan ya zuba ma fuskar waya ido yana murɗa makullin tsirkiyar a hankali, har wata ƴar allura ta tsaya daidai tsakiya. In ta tsaya, sai ya wuce ga tsirkiya ta gaba. Cikin minti biyu ya gama. Wannan aiki, wanda a dā sai an daɗe ana horar da kunne kafin a iya shi, yau yaron da ya fara koyo jiya yana yin sa. Hausawa sun ce gani ya kori ji. To, ga shi zamani ya kawo na'urar da ke nuna ma ido abin da a dā kunne kaɗai ke yanke ma hukunci. Ya kamata jama'a su san yadda take aiki, da inda take da amfani, da kuma inda amfaninta ya tsaya, musamman ga masu goge da gurmi da garaya da molo, waɗanda su ma ƴaƴansu ke riƙe da waya a hannu.

Abin da waya ke ƙirgawa

Kowace ƙara girgiza ce. In an taɓa tsirkiya, sai ta shiga kai da komo da sauri, tana tura iskar da ke kewaye da ita, iska kuma ta kai girgizar ga dodon kunne. Yawan kai da komon nan cikin sakan guda shi ke sa murya ta yi sama ko ta yi ƙasa. In ya yi yawa, murya ta fito siririya. In ya yi kaɗan, ta fito da kauri. Masana suna auna shi da ma'aunin da ake kira herz, don tunawa da Heinrich Hertz, wani masanin ƙasar Jamus da ya rasu a 1894. Herz guda, watau girgiza guda cikin sakan guda. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga wajen herz 20 har zuwa dubu 20.

Abu uku ke mulkin muryar tsirkiya: tsawonta, da ƙarfin ɗaurinta, da kaurinta. Wani malamin Faransa, Marin Mersenne, ya rubuta ƙa'idodin wannan a 1636. In an rage tsawon tsirkiya da rabi, girgizarta takan ninka biyu. Amma in da ɗauri ake son a ninka ta, sai an ƙara ƙarfin ja har sau 4, shi ya sa tsirkiya ke tsinkewa hannun mai gaggawa. Makaɗan gargajiya sun san waɗannan ƙa'idodi da hannu tun kaka da kakanni, ko da ba su rubuta su ba: mai molo yana tura ɗaurin fatar da ke riƙe da tsirkiya bisa wuyan molo, mai goge yana gusa jaki, kowa na neman muryar da ke cikin kansa.

Gita tana da tsirkiya 6. In an daidaita su bisa ƙa'idar da aka fi bi, girgizarsu daga mai kauri zuwa siririya ita ce wajen herz 82, da 110, da 147, da 196, da 247, da 330. Waɗanda suka yi lakwal sun san su da sunayen mi, la, re, sol, si, mi. A Najeriya da sauran ƙasashe masu aiki da ingilishi kuwa da baƙaƙe ake kiran su: E, A, D, G, B, E. Yawancin wayoyi suna iya nuna kowane daga cikin biyun.

Aikin wayar kansa ba sihiri ba ne. Ana saka mata wata ƴar manhaja, wadda samari ke kira aplikasiyon. Mikoron waya yana ɗaukar ƙarar tsirkiya, ya mai da ita lantarki, waya kuma ta auna lantarkin nan fiye da sau dubu 44 cikin sakan guda, ta mai da shi lambobi. Sa'an nan manhaja ta binciki lambobin, ta gano sau nawa girgizar ke maimaita kanta, ta gwada abin da ta samu da wani jadawali da aka ajiye a cikinta. In tsirkiya ta kasa lambar jadawali, allura ta karkata hagu; in ta wuce, ta karkata dama. Lissafin da ke rarrabe ƙara zuwa sassanta ya samo asali daga aikin wani masanin Faransa, Joseph Fourier, wanda ya buga littafinsa a 1822, tun ba a yi mafarkin waya ba.

Akwai dalilin da ya sa ake bukatar wannan rarrabewa. Tsirkiya ba murya guda take fiddawa ba. Tana da uwar murya, tana kuma da ƴaƴa. Tsirkiyar da uwar muryarta ke herz 110 tana fidda 220 da 330 da 440 a lokaci guda, sai dai ba su kai uwar ƙarfi ba ga al'ada. Gamuwarsu ce ke bambanta amon goge da na sarewa, ko da murya guda suka riƙe. Mikoron waya kuwa an yi shi ne don maganar mutum, bai cika jin murya mai kauri sosai ba. Saboda hakanan wani lokaci waya takan kama ɗa ta bar uwa, ta nuna lambar da ta ninka ta gaskiya.

Daga ƙarfe mai reshe biyu zuwa aljihu

Neman ma'auni ga kiɗa ya girmi waya da ƙarni uku. A 1711 wani mai busa na fadar Ingila, John Shore, ya ƙera ɗan ƙarfe mai reshe biyu, wanda in an buga shi yake fidda murya guda tsayayya. Da faransanci ana ce masa diyafazon. Amma samun ƙarfen bai kawo haɗin kai ba, don kowane gari a Turai da irin nasa: muryar da ake kira la a wani birni ba ita ce la ta birnin gaba ba. Mawaƙa suka yi ta kuka, suna cewa masu kiɗa na ƙara ɗaga murya shekara da shekara har maƙogwaro na wahala. A 1859 gwamnatin Faransa ta yi doka, ta tsai da la a girgiza 435. A 1939 aka yi taron ƙasashe a Landan, aka zaɓi 440. Hukumar ma'aunai ta duniya ta amince da wannan lamba a 1955, ta kuma sake tabbatar da ita a 1975. Duk da haka, har yau akwai manyan ƙungiyoyin kiɗa a Turai da ke aiki da 442 ko 443.

Sa'an nan lantarki ya shigo. Kamfanin Conn na Amurka ya fito da wata na'urar awon murya a 1936, mai nauyi da tsada, wadda ba kowane makaɗi ke iya mallaka ba. A 1975 kamfanin Korg na Japan ya fito da ƙarama mai aiki da batir, mai allura, wadda ake riƙewa a hannu. Da wayoyin zamani suka bayyana, iPhone a 2007, masu Android a 2008, sai aikin na'urar ya koma cikin manhaja. Yau akwai irinsu da dama, kamar GuitarTuna, da yawa kyauta ake saukar da su, da yawa kuma suna aiki ko babu intanet da zarar sun shiga waya.

Abin lura cikin wannan tarihi shi ne, lambar 440 ba daga sama ta faɗo ba. Mutane ne suka zauna suka shirya a kanta, kamar yadda aka shirya a kan metir da kilo, don makaɗin Landan da na Paris su iya zama wuri guda su yi kiɗa ba gardama.

Tsani mai taki 12

In magidanci da ƙaramin yaro suna rera waƙa guda tare, muryar yaro na sama, ta babba na ƙasa, amma kunne yana jin abu guda suke rerawa. Dalili kuwa girgizar muryar yaro ta ninka ta babba sau biyu. Wannan tazara, daga murya zuwa ninkinta, duk duniya an san ta. Inda al'ummomi suka rabu shi ne yadda kowace ke raba tsakanin.

Turawa sun raba shi taki 12 masu faɗi guda, kamar tsani. Shi ne tsarin fiyano da na gita, shi ne kuma jadawalin da ke cikin waya. Wani masanin Ingila, Alexander Ellis, ya sake raba kowane taki gida 100, ya kira kowane gida senti, watau tsanin gaba ɗaya senti 1200 ke nan. Lambobin da ake gani gefen allura, da alamar ƙari ko ragi, su ne waɗannan senti. Kunnen da ya ƙware yakan ji bambancin senti 5 ko 6.

Tsanin nan mai taki 12 sulhu ne aka yi da lissafi. In tsirkiya biyu suna girgiza ɗaya sau 3 ɗaya sau 2, kunne yana jin sun dace sarai, tazararsu kuwa senti 702 ce. A fiyano an mai da ita 700. In ɗaya na girgiza sau 5 ɗaya sau 4, tazararsu senti 386 ce. A fiyano an mai da ita 400, watau an ƙara senti 14, abin da kunne mai kyau ke ji. Turawa sun yarda da wannan ƴar karkata don a iya fara waƙa daga kowane taki ba tare da an sake ɗaure kayan kiɗa ba. Riba ce babba ga irin kiɗansu, amma da farashinta.

Shi kansa Ellis, a 1885, ya auna kayan kiɗan ƙasashe da dama, daga na Larabawa har na tsibirin Jawa da Sin da Japan, yana aiki da ƙarafan diyafazon tare da wani gwanin gyaran fiyano, Alfred Hipkins. Abin da ya gano shi ne tsanin kiɗa ba guda ɗaya ba ne a duniya, kowace al'umma ta gina nata. Ashe wanda ya ƙirƙiro senti ya ƙirƙiro shi ne don a san bambancin da ke tsakanin al'ummomi a rubuce.

Inda waya ke da amfani

Ga mai gita, ba shakka waya alheri ce. An ƙera gita bisa tsanin taki 12, ƙarafan da ke gicciye bisa wuyanta an jera su da wannan lissafi, don haka jadawalin waya nata ne. Gita kuwa ta zama ƴar gida a Nijar. Bombino na Agadas da Mdou Moctar ɗan jihar Tawa sun kai amonta Turai da Amurka. Shi Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa gitarsa ta farko, ya koya ba malami. Yaro irinsa a yau, in yana ƙauye nesa da wanda zai nuna masa, waya za ta rage masa watanni na lalube, ta kuma hana shi tsinke tsirkiyar da sai an je birni ake samun madadinta.

Haka nan wurin ƴan orkes, inda gita da fiyanon lantarki da kayan busa ke haɗuwa. Fiyanon lantarki ba ya sauka daga lambarsa, dole sauran su zo gare shi. A sutudiyo ma, inda ake ɗaukar gita yau a ɗauki murya gobe, in ba a tsaya bisa ma'auni guda ba aikin ba zai haɗu ba.

Yanayin ƙasar Sahel ya ƙara ma wannan bukata ƙarfi. Zafin bazara, da raɓar damina, da bushewar hunturu, kowane yana taɓa itace da fata da ƙarfe. Gitar da aka daidaita cikin ɗaki da safe, in an fito da ita rana, sai ta sauya. Kayan busa kuwa muryarsu tana hawa da zafi, wajen senti 3 ga kowane digri guda, don ƙara ta fi gudu cikin iska mai ɗumi. Watau in an samu bambancin digri 10 tsakanin safiya da azahar, sarewa ta hau kusan senti 30.

Wanda zai yi aiki da waya, ga abubuwan da ya kamata ya kiyaye. Ya nemi wuri marar hayaniya, don mikoro ba ya bambanta tsirkiya da kukan babur ko injin wuta. Ya duba cewa manhaja na kan 440, in kuwa da abokan kiɗa ne, kowa ya tsaya ga lamba guda. Ya taɓa tsirkiya guda kaɗai, ba da ƙarfi ba, ya danne sauran da tafin hannu. Ya jira ɗan kaɗan kafin ya gaskata allura, don a farkon bugu murya takan ɗan haura sa'an nan ta zauna. In tsirkiya ta wuce, ya sassauta ta ƙasa da inda ake so, ya hau a hankali, don ɗaurin da aka iske daga ƙasa ya fi riƙewa. In ya gama duka shida ya sake zagayawa, saboda jan kowace tsirkiya yana ɗan lanƙwasa wuyan gita ya taɓa sauran. Sabuwar tsirkiya kuma tana miƙewa kwana da kwanaki, sai an yi haƙuri da ita. A wurin biki, inda ƙara ta yi yawa, ƴar na'urar da ake maƙalawa bisa kan gita ta fi waya, don ita daga jikin itace take jin girgiza.

Akwai kuma dabarar kunne da ba ta bukatar batir. In tsirkiya biyu sun kusa dacewa amma ba su dace ba, ana jin amonsu yana rawa, yana ƙaruwa yana raguwa. In ɗaya na 440 ɗaya na 443, rawar sau 3 ce cikin sakan. Gwargwadon yadda suke kusantar juna, gwargwadon yadda rawar ke lafawa, har ta tsaya. Makaɗin da ya iya sauraron wannan ba ya tsayawa don cajin waya ya ƙare.

Goge da gurmi da kalangu

In aka zo ga kayan gargajiya, magana ta sake. Mai gurmi ko kuntigi ko garaya, in zai ɗaure tsirkiya, muryar mai waƙa yake bi, sau da yawa ma shi ne mai waƙar. In maƙogwaro ya buɗe ya ɗaga, in ya gaji ya sauke. Abin da yake tsarewa shi ne tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƴar'uwarta, da wurin da yatsa ke sauka, kamar yadda ya ji wurin maigidansa. Yawancin waƙoƙin Hausa bisa muryoyi biyar suke tafiya, kuma babu abin da ya wajabta waɗannan biyar su faɗa daidai bisa takin fiyano. In an kusanta waya ga gurmin wani gwani, allura tana iya nuna ya kasa da senti 20 ko ya wuce da 30. Wannan ba ya nufin gwanin ya yi kure. Waya ta faɗi nisan da ke tsakaninsa da jadawalin Turai, iyakar abin da ta sani ke nan.

Misalin wannan yana kasuwa. Tiyar wani gari ba ita ce tiyar wani gari ba, kilo kuwa guda ne ko'ina. Mai sai da hatsi ga baƙon ƙasa yana bukatar sikeli. Amma sikeli yana faɗin kilo nawa tiya ta ɗauka ne kawai, ba shi da ikon cewa tiyar garin ƙarya ce, matan garin kuwa da ita suka san abin da ke cika tukunya.

Ban da wannan, jikin kayan ma yana rikita waya. Tsirkiyar goge izgar doki ce, gashi da yawa a haɗe, bakan da ake goga ta da shi ma izga ce, amon yana fitowa da ɗan kaushi wanda shi ne daɗinsa. Wuyan goge ba shi da ƙarafan gicciye, yatsa yana zamewa daga murya zuwa murya yadda harshe ke yi. Wasu makaɗa suna saƙala ƴan ƙarafa masu kacau-kacau bisa kan garaya ko molo don ƙarin armashi. Duk waɗannan suna sa allura ta yi ta rawa ba ta zauna ba. Fatar da aka rufe ƙwarya da ita kuma tana saki da damina, jaki ya nutse, murya ta sauka. Shi ya sa makaɗa ke shanya kayansu a rana ko su kusanta su ga wuta kafin wasa.

Kalangu kuwa ba a ma yi shi don ya tsaya ga murya guda ba. Makaɗi yana matse igiyoyinsa a hammata yana saki, fata na ɗaurewa tana sassautawa, yana bin hawa da saukar maganar Hausa. Wannan hawa da sauka shi ke raba kukan yaro da itacen kuka a bakin Bahaushe, shi ne kuma ke sa mai kirari ya ji sunansa cikin kiɗa. Babu lambar da za a tsai da kalangu a kai.

Haɗarin da ke akwai bai fito daga wayar kanta ba, daga amanar da ake ba ta ya fito. Yaro ɗan gidan makaɗa, wanda ya ga allura ta nuna ja ga ɗaurin mahaifinsa, yana iya zaton tsoho ne kunnensa ya yi nauyi, ya gyara abin da bai ɓaci ba. Kunnen samarin yau kuma da tsanin taki 12 yake tashi, don shi ne ke cikin fiyanon waƙoƙin fina-finan Hausa, shi ne kuma ke cikin manhajar Auto-Tune, wadda ta fito a 1997, mai jan muryar mawaƙi ta aza ta bisa takin da ya fi kusa. In aka yi zuriya guda ko biyu a haka, tsohon ɗauri zai fara yi ma jama'a kama da kuskure.

Abin da ya faru ga maƙwabta

Wannan ba zato ba ne kawai, an ga irinsa a yammacin Afirka. Balafon na Mandinkawan Gine da Mali, bisa al'ada, yana raba tsani gida 7 kusan daidai da juna, kowane taki wajen senti 171, abin da babu shi a fiyano. Da ƴan orkes suka so haɗa shi da gita, masu sassaƙa da yawa suka koma feƙe itacen bisa tsarin Turai, har irin wannan balafon ya yawaita a birane. A Senegal kuma, masu ibadar Kirista na Keur Moussa, gidan da aka kafa a 1963, sun shiga ƙera kora mai makullan murɗawa maimakon zobban fata. Wannan ya sauƙaƙa ɗauri ƙwarai, ya buɗe ma kora ƙofofin duniya, amma ya kuma sauƙaƙa jan ta zuwa tsanin fiyano. An samu riba, an yi hasara. Waɗanda suka fi dacewa su ne waɗanda suka riƙe hanyoyin biyu, suka san wace ce ta wane wuri.

A Nijar ma an ga yadda ilimin kiɗa ke iya kai wa bakin kabari. Biram, abin kiɗa mai tsirkiya 5 na Buduma masunta tafkin Cadi, saura kaɗan ya ɓace. Malam Maman Barka, tsohon mushen lakwal wanda ya yi suna da gurmi, shi ne ya tafi can a 2002 da taimakon UNESCO, ya zauna gaban Bukar Tar, wanda ake ɗauka gwanin biram na ƙarshe, ya koya daga bakinsa da hannunsa. Malam Maman Barka ya rasu a 2018. Da bai yi wannan tafiya ba, da an iske biram rataye a gidan tarihi, ba wanda ya san yadda ake ɗaure shi.

Aikin da ke jiran ma'aikata da masu ilimi

Wayar da ake tsoron ta shafe tsohon ɗauri, ita ce kuma za ta iya adana shi, in an juya aikinta. Yawancin manhajojin nan suna da wani sashe da ke nuna kowace murya da lambarta ta herz da senti, ba tare da an zaɓi gita ko wani abin kiɗa ba. Da wannan sashe, duk wanda ya iya karatu da rubutu, ko ɗan lakwal ne ko wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci, zai iya zama gaban gwanin garinsu da izininsa, ya bar shi ya ɗaure abinsa yadda ya saba, sa'an nan ya auna kowace tsirkiya, ya rubuta lambar da ya gani cikin littafi. Ya rubuta sunan gwanin da na wanda ya koya masa, da sunan gari, da kwanan wata, da ko damina ce ko rani, da sunan waƙar da aka yi ɗaurin dominta. Ya maimaita awon sau uku a ranaku daban, don a san abin da ke tsaye da abin da ke sauyawa. Ya kuma ɗauki amon da wayar, don lamba kaɗai ba ta isa ba. Sharaɗi guda ne: mai awo ba ya gyara ma gwani.

Nijar ba ta rasa wuraren da za a tara irin wannan aiki ba. Akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai, mai ɗakin ajiyar kayan kiɗan gargajiya. Akwai cibiyar CELHTO, wadda aka kafa a Yamai a 1968 don tattara tarihin baka. Akwai gidajen matasa da al'adu a manyan garuruwa, akwai kuma faya-fayan da gidan radiyon Muryar Sahel ya ɗauka shekara da shekaru. Tsofaffin faya-fayan nan ma ana iya auna su, haka na makaɗan ƙetaren iyaka da jama'ar Nijar suka saba ji, irin su Haruna Uji mai gurmi da Ɗan Maraya Jos mai kuntigi. Ko da injin da ya ɗauki faifai ya yi gudu ko ya yi nawa, murya duka takan hau ko ta sauka tare, tazarar da ke tsakani ba ta sauyawa, ita ce kuwa abin nema.

Ga masu koyar da kiɗa kuma, tsari mai kyau shi ne almajiri ya fara ɗaurewa da kunne, sa'an nan ya duba waya ya ga inda ya tsaya. Ta haka waya ke horar da kunne. In kuwa aka fara da waya kullum, kunne zai kwanta, kamar yadda mai dogara ga injin lissafi ke mance ƙirgan kai. Masu shirya gasa, irin gasar Ɗan Gurmu, su ma da nasu nauyi: alƙalin da zai saurari mai goge, da ma'aunin goge ya kamata ya saurare shi.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Mai gita ya riƙe wayarsa, ta yi masa aiki. Ɗan mai gurmi kuma ya riƙe tasa, ya rubuta da ita abin da mahaifinsa ya sani, tun tsohon yana da rai ana iya tambayarsa.